Maman Ofis Daga Gadon Asibiti

Shekara talatin da ɗaya Maman Ofis ta yi tana buɗe ƙofa guda, ƙofar ɗan ofishin da ke ƙarƙashin matakala a makarantarmu. Ɗalibai ne suka laƙaba mata sunan tun kafin in zo, ya bi ta har ya danne nata na ainihi. A takarda sakatariya ce. A zahiri kuwa, duk abin da ya shafi sunan yaro, ranar haihuwarsa, ajinsa da makinsa, a hannunta yake kwana, a hannunta yake tashi. Ni malamar lissafi ce a makarantar, kuma ni na zauna a kujerarta a makon da ta karye, shi ya sa nake ganin ina da bakin ba da labarinta.

Mahaifinta mai gyaran agogo ne. Ta taɓa gaya mana cewa tun tana 'yar mitsitsiya take zama kusa da teburinsa, tana riƙe masa farantin da yake zuba 'yan ƙusoshin nan da ba su kai ƙwayar shinkafa ba. In ɗaya ta faɗi ƙasa, ba a rufe shago sai an nemo ta. Da wannan hali ta girma. Ta koyi bugun tafireta a wani shago da ke saman bene a bakin kasuwa, aka ɗauke ta aiki tana da shekara ashirin da biyu. Mijinta direban motar ɗaukar marasa lafiya ne, mutum mai barkwanci in ji waɗanda suka san shi. Ya rasu autarsu tana aji biyu na firamare, ya bar ta da yara huɗu. Ta riƙe su har kowa ya kama gabansa.

Da aka kawo kwamfuta makarantar, sai raɗe-raɗi ya tashi a ɗakin malamai cewa tata ta ƙare, za a kawo mai jini a jika. Ta tsare mutumin da ya zo haɗa na'urar, ta sa ya maimaita mata komai sau uku, tana rubutawa a wani littafi mai baƙin bango. Zango guda ta yi ba ta fita hutun rana ba. Kafin shekara ta zagayo, masu raɗe-raɗin ne ke layi a bakin ƙofarta da takardunsu a hannu.

Tsakanina da ita akwai ɗan tabo. Shekarar da na fara aiki, na shiga ofishin ba ta nan, ina sauri in buga tambayoyin gwaji, na soka filashina, ɗan abin nan na ajiye bayanai, a kwamfutarta. Ashe yana ɗauke da cuta. Makin makarantar gaba ɗaya na zangon ya lalace. Kwana shida ta yi tana sake shigar da shi daga takardun malamai. Ba ta kai ƙarata ba, ba ta ɗaga mini murya ba, da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Kalmar sirri kawai ta sa, kuma daga ranar ko Shugaban makaranta bai ƙara taɓa linzamin kwamfutar nan ba. Muna gaisawa lafiya lau, ina ce mata Mama tana ce mini Malama, amma shekara takwas ban wuce bakin teburinta ba.

Aikin da ya fi kowanne nauyi a shekararta shi ne rajistar 'yan ajin ƙarshe don babbar jarrabawa. Hukumar jarrabawa tana da manhajarta da aka ɗaure wa kwamfutar ofishin, ba ta buɗuwa a wata. Kowane ɗalibi sai an shigar da sunansa, ranar haihuwa da darussan da zai rubuta, a ɗauki hotonsa, sannan ya ɗora yatsa a kan wata 'yar na'ura ta ɗauki zanensa. In an gama duka sai a tura sau ɗaya. Bayan turawa babu gyara, wanda kuma sunansa bai tafi ba sai ya jira baɗi. A wannan shekarar za a rufe ƙofa ranar Alhamis da ƙarfe huɗu na yamma.

Ta shigar da kusan rabi, ta ce sauran aikin kwana biyu ne. Ranar Juma'a bayan an tashi ta hau mota zuwa garin da autarta take aiki, tafiyar awa huɗu, don ta ga sabon gidan da ta koma. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Asabar da safe santsin tayil ya kwashe ta a banɗaki, ƙashin cinyarta ya karye. Litinin aka yi mata aiki aka sa ƙarfe, likita ya ce batun doguwar tafiya a ajiye shi sai bayan mako shida.

Talata da sassafe Shugaba ya aiko a kira ni. Mutumin kirki ne, tsohon malamin tarihi, amma ko waya da yatsa ɗaya yake danna ta. Na same shi tsaye a ofishin Mama yana kallon kwamfutar kamar wanda aka bar wa jinjiri.

"Malama, ke ce mai lissafi, ke za ki zauna."

"Ranka ya daɗe, lissafi daban, wannan daban."

"Duk lambobi ne."

Na ce me zai hana a ɗauki kwamfutar a kai mata. Ya ce shi ma ya kwana da wannan tunanin. "Kwamfuta za ta ɗauku. Yatsun yara ɗari da wani abu fa, a wace jaka za mu zuba su?"

Muka kira Mama a waya. Muryarta ta yi ƙasa, kamar daga cikin rijiya. Na yi mata ya jiki, ta amsa a gajarce, ta tambayi abin da ake ciki. Na ce komai ya tsaya, don ba mu iya buɗe kwamfutar ba.

"Wa ke kusa da ke?"

"Shugaba ne."

"Ya ɗan ba mu wuri."

Shugaba ya fita yana murmushi. Ta ce in rubuta kalmar sirrin da ƙananan baƙaƙe, kada in bar tazara. Sai ta jero mini su ɗaya bayan ɗaya, ina dannawa. Da na haɗa su a raina sai na ga abin da suka ba da: kada ki taɓa. Ba "ka" ba, "ki". Shekara takwas kenan kowace safiya da ni take buɗe aikinta. Kunya ta rufe ni, dariya kuma tana cina.

"Na ji ki," in ji ta. "Yi dariyarki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Kwamfuta ta buɗe, amma aiki bai buɗe ba. Ita tana faɗa ta waya, ni ina nema. Ta ce in danna akwatin da ke hagu, na ce akwai uku a hagu. Kowane darasi yana da lambarsa, lambobin kuma suna cikin littafinta mai baƙin bango, da wani gajeren rubutu da ita kaɗai ke karanta shi. Awa biyu muka yi, yara huɗu muka shigar, a ɗaya ma na sa wa yarinya darasin da ba ta taɓa shiga ajinsa ba, sai da muka goge muka sake. Ina jin numfashinta yana nauyi. Na yi lissafi a gefen takarda, tunda shi na iya, na ga a wannan tafiyar sai mun yi mako biyu.

Nan Auta ta karɓi wayar. Tana aiki ne a wani kamfanin zanen gine-gine, kuma ranar da ba ta je ofis ba, daga gida take shiga kwamfutar ofishinsu.

"Anti, ni ce autarta. Akwai wata manhaja da za ki sa a kwamfutar nan, ni ina da ita a ƙaramar kwamfutata. Za ta nuna miki lamba, ki karanto mini. Daga nan duk abin da ke fuskar taku zai fito a tawa, Mama ta riƙa dannawa daga nan kamar tana zaune a wurin. Kina kallon komai, kuma duk lokacin da kika ga dama kina iya katsewa."

Na ji muryar Mama daga gefe. "Wato kowa ma zai iya faɗo mini cikin kwamfuta?"

"A'a Mama. Sai wanda aka ba lambar, kuma sai Anti ta danna ta amince. Baƙo ne, sai ya yi sallama an buɗe masa."

Shugaba ya kira ofishin hukumar ya tambaya ko hakan ya halatta. Suka ce muddin kwamfutar da yaran suna makaranta, kuma wadda aka sani da aikin ce ke yi, ba su da ta cewa. Saura ni. Hannuna yana kan linzami amma na kasa dannawa, don rabona da sa wani abu a kwamfutar nan tun ranar filashi. Ban faɗa ba, amma ta gane.

"Sa, Malama. Ni na ce ki sa."

Na sa. Muka bari sai washegari, don an zo ba ta magani kuma ƙarfinta ya ƙare.

Laraba da ƙarfe takwas na karanta wa Auta lambobi guda tara da wata gajerar kalma da manhajar ta fitar. Wani ɗan akwati ya fito yana tambaya ko na yarda. Na danna, na janye hannuna na ɗora a cinya. Da farko ba abin da ya faru. Sai 'yar kibiyar nan ta motsa da kanta. Ta yi sama, ta dawo, kamar mai miƙa bayan barci. Abin da ta fara yi shi ne rufe shafukan da na bari a buɗe jiya, ɗaya bayan ɗaya, yadda uwa ke kwashe kayan da yara suka watsar a tsakar ɗaki. Sannan ta buɗe farin shafi, baƙaƙe suka fara fitowa: Ina kwananku.

Shugaba ya cire tabarau ya goge ya mayar. A hankali ya ce, "Ikon Allah. Gani ya kori ji."

Baba Maigadi, wanda ya girme mu duka, ya leƙo ya ga abin da ake taruwa a kai. Aka yi masa bayani. Ya matso gaban kwamfutar, ya dubi 'yar siririyar kibiyar, ya ɗan rusuna ya ce, "Sannu da jiki, Mama. Ashe kin rame haka." Wayata tana kan tebur a buɗe, ta ji shi. Muka ji dariyarta, sannan muka ji ta ce wayyo a bar ba ta dariya, ɗinkin yana ja.

Daga baya Auta ta ba ni labarin yadda can ɗin yake. An ɗora ƙaramar kwamfutar a kan teburin nan mai taya da ake turo wa marasa lafiya abinci, an tokare mata baya da matashi uku, ga robar ƙarin ruwa a bayan hannun hagu. Tana ganin fuskar kwamfutarta ta fito, da foldodinta a jere yadda ta bar su, sai ta saki wata doguwar ajiyar zuciya, fuskarta ta sake a karo na farko tun ranar Asabar.

Muka raba aiki. Ita ce ido da ƙwaƙwalwa, ni ce hannu. Ina kiran yara biyar biyar, in tsayar da kowa jikin farin bango a ɗauki hoto, in goge gilashin na'urar, in ɗora masa yatsa. Ita tana cika sauran. Ko littafin ba ta nema, lambobin suna kanta. Yaro zai shigo, kafin ya gama faɗin sunansa ta rubuta shi har da na mahaifi, wani lokaci ta ce ta waya, "Gyara kwalar rigarka, wannan hoton zai bi ka har tsufa."

Ba wai komai ya tafi sumul ba. In sabis ya yi rauni sai kibiyar ta daskare, mu zuba mata ido, can sai ta yi tsalle ta bayyana a wani wuri. Sau biyu na manta na kama linzami ina so in taimaka, kibiya ta riƙa rawa tsakanina da ita, ina ja hagu tana ja dama.

"Malama, sakar mini linzami. Direba biyu ba sa tuƙa mota ɗaya."

Bayan azahar aka yi mata allurar kashe zafi. Muna tsakiyar sunan wani yaro sai harafi ɗaya ya fara gudu a layi, kkkkkk, har ya cika akwatin. Barci ne ya sace ta da yatsa a kan madanni. Yaran da ke layi suka ƙyalƙyale, yaron ya ce shi dai ba haka aka raɗa masa ba. Auta ta ɗage mata hannu, muka ba ta minti arba'in. Duk da haka, kafin a tashi mun shigar da sittin da takwas. Na koma gida ƙafafuna suna zogi, amma na ci abinci da daɗin baki.

Alhamis saura arba'in da biyar a jerin da ke hannuna. Muna ganin kafin azahar mun gama. Wajen sha ɗaya da rabi wuta ta ɗauke. Batirin ajiya ya yi ta kuka na 'yan mintoci, Mama ta yi sauri ta adana abin da aka yi, sannan fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Aka je tayar da janareta, igiyarsa ta tsinke a hannun Baba Maigadi. Malamin wasanni ne ya cece mu, ya kwance murfin ya ɗaura igiyar tsallen 'yan mata. Kusan awa guda ta tafi a nan. Da kwamfuta ta dawo, manhajar ta fitar da sabuwar kalma, na karanta musu ba tare da an nuna mini wurin da zan duba ba.

Ba mu yi nisa ba likitoci suka zo zagaye, aka ce za a wanke mata ciwo, a janye tebur. Ga yara a layi, ga agogo yana tafiya. Kwana ɗaya da rabi na yi ina kallon inda kibiyar nan take zuwa da abin da take dannawa, har na haddace hanyar. Na yi shahada na ja kujera. Kafin ta dawo na shigar da biyar.

Da kibiya ta sake motsi na faɗa mata abin da na yi. Ta buɗe na farko, kibiyar tana bin layi layi a hankali, tana tsayawa a kan kowace lamba. Ta buɗe na biyu. Ni kuwa kamar ɗalibar da ake duba wa jarrabawa a gabanta. Da ta gama na biyar ba ta canja ko ɗigo ba.

"Madalla," in ji ta. "Kira na gaba."

Ƙarfe uku da minti biyar yaro na ƙarshe ya ɗaga yatsansa. A ƙasan shafin an rubuta ɗari biyu da goma sha uku. Jerin sunayen da ke hannun Shugaba shi ma ɗari biyu da goma sha uku. Ya ce alhamdu lillahi, a tura. Kibiya ta tafi kan wurin turawa, ta tsaya, ta yi ta tsayuwa, sannan ta janye.

"Akwai wadda babu."

"Mama, lissafi ya cika," in ji Shugaba. "Ga jeri a hannuna."

"Ranka ya daɗe, wannan jerin na farkon shekara ne. Su ɗari biyu da sha huɗu ne. Akwai yarinyar da ta zo a zango na biyu, doguwa, mai tabarau, da hagu take rubutu. Ban ga fuskarta ta wuce ba. Malama, duba gwangwanin da nake zuba filoli, akwai ɗan makulli. Buɗe durowar ƙasa, za ki ga shuɗin fayil."

Na buɗe. Ga takardar yarinyar a ciki ita kaɗai, an maƙala mata 'yar takarda da rubutun Mama: a jira shaidar haihuwa. Ga shaidar kuma a bayanta, uwar ta kawo ranar Juma'ar da Mama ta yi tafiya. Yarinyar a ajina take, kullum tana kujerar baya, amma ni da nake ganinta kowace rana ban lura ba ta shigo layi ba.

Na fita da kaina nemanta. Ba ta aji, ba ta filin wasa. A ɗakin karatu na same ta, a lungu, littafi buɗe a gabanta ba ta karantawa. Na ce me ya hana ta zuwa ofis.

"Ba a kira sunana ba, Malama."

"Shi ne ba za ki tambaya ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Na ɗauka don na zo a makare ne. Na ce sai baɗi. Ban ma faɗa a gida ba tukuna."

Kwana biyu kenan tana kallon 'yan ajinsu ana kiransu biyar biyar, ta haɗiye abin ita kaɗai. Na kama hannunta muka sauko da sauri. Aka ɗauki hoto, Mama ta cika komai cikin minti uku. Sai na'urar yatsa ta ƙi karɓa. Hannun yarinyar ya jiƙe da gumi. Na goge, muka sake, ta ƙi. Sau huɗu. Ƙarfe uku da rabi ta wuce.

Mama ta yi magana ta waya, a natse, kamar ba agogo a duniya. "'Yata, ke ce bahaguwar nan ko? To ba ni na dama, shi ba ya aikin komai, bai gaji ba. Shafa shi a siket ɗinki. Ja numfashi. Babu inda za mu je sai da ke."

Yarinyar ta ɗan yi murmushi, ta shafa, ta ɗora. Fitilar na'urar ta koma kore.

Ɗari biyu da goma sha huɗu. Kibiya ta koma wurin turawa, wannan karon ta danna. Wani ɗan zobe ya fara juyawa a tsakiyar shafin. Ya yi ta juyawa. Ofishin ya cika da malamai har bakin ƙofa, amma ba ka jin komai sai ƙugin janareta daga waje. Ban san tsawon lokacin ba, agogo ya ce minti biyu ne, ni dai na ga kamar an yi zango guda. Sai shafin ya canja, ya nuna an karɓa, ga sunan makaranta ga adadi. Kafin kowa ya buɗe baki firintar da ke bayana ta yi tari ta fara fitar da takardar shaida. Daga can ta ba ta umarni.

Shugaba ya nemi wurin zama bai samu ba, ya zauna a kan kwalin alli. Malamin wasanni ya ce a rubuta a tarihi cewa da igiyarsa aka yi. Yarinyar tana tsaye jikin bango, hawaye yana bin ƙasan tabaraunta, ta matso kusa da wayar ta ce, "Na gode, Mama."

"To, Malama," in ji Mama, muryarta ta koma ƙasa, "rufe mini ƙofa. Na gaji."

Na danna wurin katsewa. Kibiya ta tsaya cak a inda ta bar ta. Auta ta ce ko tura teburin ba ta gama yi ba barci ya ɗauke Mama, ba na allura ba, na gaske. Da ta farka ta nemi abinci da bakinta, ta cinye, ta tambaya ko akwai ƙari. Nas ɗin da ke kula da ita ta ce da sun san maganinta kenan da tuni sun rubuta mata shi.

Mako tara ta yi a gidan Auta kafin ta dawo. A tsakanin nan kowace safiya ina karanta mata lamba, ta shigo ta yi awa biyu. Sannu a hankali muka juya abin: ni nake yi, ita tana kallo daga can, sai in na kauce ta karɓi linzami ta nuna mini, ta sakar mini. Ban taɓa shiga ajin da na koyi abu da sauri kamar wannan ba. Ta sa na koya wa malamar Turanci ita ma, ta ce mutum ɗaya bai kamata ya zama shi kaɗai ne makullin gida ba, ita ta gane haka ne a kwance tana kallon silin.

Yarinyar nan ta ci jarrabawarta, tana karatun haɗa magunguna yanzu. Mama ta ƙara shekara biyu a ofis, tana tafiya da sanda, sannan ta yi ritaya.

Watan jiya na kai mata ziyara ranar Lahadi da hantsi. Na same ta a falo, ƙafar a miƙe kan ɗan tebur, ƙaramar kwamfuta a cinya, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Ta yi mini alama in zauna. Ashe yayanta ne a wayar, wanda ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, yake zaune a wani gari mai nisa. Idonsa ya yi rauni, ga shi ya dage sai ya rubuta wa jikokinsa labarin tashoshin da ya yi aiki. Duk Lahadi takan shiga kwamfutarsa ta ƙara masa girman rubutu, ta nemo masa shafukan da ya ɓatar a cikin mako, ta gyara abin da ya rubuta. Ina jin muryarsa yana faɗa, wai ta canja masa shekarar da aka yi masa canjin wurin aiki.

"Yaya, ni na buga maka takardar neman canjin da hannuna, a tafireta," in ji ta. "Bar shekarar yadda na sa. Ci gaba, muna tasha ta nawa?"

Ta rufe bakin wayar da tafin hannu ta dube ni. "Malama, akwai shayi a filas, zuba wa kanki. Wannan ba yanzu zai gama ba."